Mai Sunan Inna

Shekara biyu cur Malam Wada yana cewa a'a, kuma tasa a'ar ba irin wadda ake lallashi ta koma to ba ce. Ya rantse muddin yana numfashi ɗan makiyaya ba zai auri 'yarsa Halima ba.

Mutanen Sabon Birni ba su ga laifinsa sosai ba. Mutumin da 'yan bindiga suka raba da gonarsa a Gatawa, suka ƙone masa rumbu uku, ya dawo gari yana auna gero a bakin kasuwa, ba ka cika zaunar da shi ka ce ya bambance wane da wane ba. A wurinsa duk wanda ya taɓa saɓa sanda ya bi bayan saniya, jirgi ɗaya ya kwaso su.

Shi kuwa Illo, saurayin da ake magana a kansa, bawan Allah, karatun lafiyar dabbobi ya yi, yana da ɗan shagon magani kusa da kara, wato kasuwar dabbobi. Ɓarayin nan su suka kashe ubansa, suka kore shanunsu kaf, uwarsa ta gudu garin Isa tana zaune gidan ƙaninta. Amma wa ya isa ya faɗa wa Malam Wada wannan ya saurara?

Ga kuma Nasiruddeen a gefe, ɗan Goggo Saude, yayar Malam Wada. Shagon kayan babura gare shi, ba ya sha ba ya caca, kullum da sabuwar shadda. Dangi duk sun tsaya masa. Halima dai ta ce ba ta ga aibunsa ba, zuciyarta ce ba ta da ɗaki biyu.

An yi faɗa, an yi gaba, an yi wata huɗu uba bai amsa gaisuwar 'yarsa ba. Abin mamaki, da ƙarshe sunanta ne ya karya shi.

Halima malamar islamiyya ce, shekararta ashirin da uku, bakinta kuwa ba ya mutuwa. Wata rana bayan la'asar ta kai masa ruwa, ta durƙusa, ta ƙi tashi.

"Baba, ka san ma'anar sunana?"

"Ke da ka karantar da ɗiyan mutane kike tambaya ta?"

"Halima ita ta mai haƙuri, Baba. Wadda ba ta gaggawar hushi, wadda ko an cuce ta, tana da ikon ramawa, sai ta danne. To wa anka yi ma takwara?"

Ya harare ta. "Nana Halimatus Sa'adiyya mana. Wa ab bai san wanga ba?"

"Matan ƙabilarta sunka shigo Makka neman jariran da za su shayar. Kowace ta ji an ce maraya na, sai ta wuce. Ita taɗ ɗauke shi. Baba, don Allah, cikin birni take zaune ko daji?"

Ya kurɓi ruwan.

"Kiwo sukai, Baba. Tumaki da raƙuma. Ƙirjin makiyayiya Allah yaz zaɓa ma fiyayyen halitta. Ka sa mani sunan makiyayiya, sannan ka ce duk makiyayi ɓarawo na?"

Malam Wada ya daɗe yana jujjuya kofin da ke hannunsa. "Ni ba ni niz zaɓa maki sunan ba," in ji shi. "Ina ci-rani Gusau anka haihe ki, sai ran suna nis iso. Goggonki tac ce Halima, nic ce Allah shi raya. Tashi ki ba ni wuri."

Ta tashi. Amma magana ta riga ta shiga. Ran kwana takwas ya kira matarsa Rahmatu, ya ce ta faɗa wa 'yarta yaron nan ya turo magabatansa.

Ranar da za a zo, Halima ta kasa zama ta kasa tsayuwa. Tana ƙuryar ɗaki saƙo ya shigo wayarta: "Mai sunan Inna, Baffa Talha ya taso. Ki riƙe min zuciyata kar ta faɗi."

Haka yake kiranta tun ran farko. Sunan mahaifiyarsa ke gare ta, kuma ɗan da ya san kunya ba ya buɗe baki ya ambaci sunan uwarsa gatsau. Su biyun sun ɗauki wannan wata alama ce daga Allah, har suna yi wa juna dariya a kai.

Goggo Saude ma ta zo daga Unguwar Lalle, fuska kamar an aiko mata da mutuwa. Ta ce ba biki ya kawo ta ba, ta zo ne ta ga ƙarshen taurin kai. Duk da haka ita ta dama furar baƙi, ta ɗauko kwanon da kanta, ta tsaya bayan ƙofar zaure tana jiran a gama gaisuwa. Wanda ya san Goggo ya san kunne ta kai, furar rakiya ce.

A zaure Baffa Talha, ƙanin mahaifin Illo, ya ajiye ƙullin goro. Malam Wada ya yi abin da kowane uba ke yi, ya tambayi asali.

"Ɗan wana na, marigayi Is'haƙa," in ji dattijon. "Is'haƙa Bahago aka ce mai. Ai da can, lokacin zaman lahiya, har wajenku Gatawa muna sauka bayan girbi, shanu su ci kara su bar maku taki."

Sai aka ji ƙarar kwano a ƙasa. Fura ta malalo ta ƙarƙashin ƙofa har bakin tabarma.

Kafin kowa ya motsa Goggo Saude ta faɗo zauren, babu ko mayafi. Mace mai shekara sittin da ɗoriya, wadda ko ƙofar gida ba ta leƙawa sai da lulluɓi, ga ta tsaye tsakiyar maza.

"Wane Is'haƙa kac ce? Bahago?"

"Shi, Hajiya."

"Matatai Halima? Doguwa, mai wushirya?"

Baffa Talha ya dubi Malam Wada, ya dube ta. "Ita ta uwar Illo."

"Kun taɓa sauka gonar mijina Malam Faruk, yamma ga gari, wadda ad da tsamiya biyu?"

"Rani uku mun yi nan."

"Innalillahi wa inna ilaihi raji'un." Goggo ta dafe bango. "Wada, mai da masu goronsu. Ba aure. Wallahi ba aure. Yaran ga nono guda sunka sha."

Malam Wada ya zuba wa yayarsa ido.

Halima ta ji komai, don gidan ba wani girma gare shi ba. Ba ta san lokacin da ta fito tsakar gida ba. Ta tarar an riƙo Goggo an zaunar da ita kan turmi, mahaifiyarta Rahmatu na tsaye da ludayi a hannu ta manta da shi.

"Goggo, mi kika ce?"

"Abin da kika ji."

"Ƙarya ta!"

"Ke!" Rahmatu ta daka mata tsawa. Ko yau ba ta kira sunanta ba, don 'yar fari ce.

"Bar ta," in ji Goggo. "Zamna ki ji. Ke ma Rahmatu ki ji, don ba ki sani ba."

Ta share fuska da gefen zane, ta soma.

"Ranar da anka haihe ki, uwarki haihuwar fari ta, zazzaɓi ya kama ta ba ta san wa ak kanta ba. Tsohuwarmu tana da rai. Kun san al'adar da: ba a ba jariri nonon farko sai an gwada. Anka tatsa cikin ludayi, anka saka tururuwa uku. In sun hita da rai, nono lahiya lau. In sun mutu, mugun nono na. To, sunka mutu."

"Tururuwa!" Halima ta kama kai. "Duk abin da kika jefa cikin ruwa mai kauri ai mutuwa zai yi, Goggo! Nonon farkon nan shi na magani!"

"Yanzu kunka san haka. Mu wa yag gaya muna? Tsohuwa tac ce a raba ki da uwarki kwana ukku, a wanke mata nono da ruwan sassaƙe, ke a ba ki nonon akuya."

"Haka anka ce mani," in ji Rahmatu a hankali. "Nonon akuya."

"Ta ƙi sha! Ko an ɗura sai ta dawo da shi. Kwana guda tana kuka har murya ta ɗauke, leɓe ya bushe, maɗiga ta hwaɗa. Nig ga yarinya za ta mutu hannuna, ubanta ba shi gari. Da hantsi nin naɗe ki cikin zane, nic ce za ni kai ki ga malam shi yi tohi, nim miƙe gonar mijina. Matar Bahago tana zaune tana shayar da ɗanta, yaro ya soma tahiya. Ko tambaya ba ta yi ba. Ta cire shi ga nono tas sa ki. Kwana ukku ina kai ki sau huɗu, sau biyar."

"Kuma kika ɓoye?" Muryar Malam Wada ce daga bakin zaure.

"In hwaɗi tsohuwa ta tsine mani? In hwaɗi gari ya ɗauka matarka mai mugun nono ta, har sai da anka kai ɗiyarta ruga? Na ba matar nan gero ta ƙi karɓa. Na ba ta zane ta ƙi. Nir rasa abin da za ni saka mata da shi, shi na ran suna nic ce maka Halima. Kai kaz zaci ta cikin littahi nike nuhi. Ni wagga nike nuhi, ta gindin tsamiya."

Rahmatu ta sulale ta zauna a ƙasa. Shekara ashirin da uku tana rainon 'ya, sai yau ta ji wadda ta fara ba ta nono.

Halima kuwa idonta ya bushe ƙamas. Ta matso gaban goggonta.

"Shekara biyu kina jin sunan Illo. Sai yau, da Baba ya yarda?"

"Illo nawa ag ga ƙasar ga? Na tsaya tambayar ɗan wa na, ni da ban son maganar?"

"Don Nasiru kika yi. Kin ga ya kuɓuce maku, kika ƙago wadda ba a ja da ita."

Goggo Saude ta miƙe tsaye, ta ɗaga yatsa sama. "To ki ji, Wada ka shaida. Ko mazan duniya sun ƙare, Nasiruddeen ba shi aurenki. Na haramta mai, in ya yi ban yahe nonona ba. Sai ki nemo wani dalilin da zai sa in yi ƙarya."

Wannan ta fi ta farko girgiza gidan. Kowa ya san shekarun da Goggo ta yi tana tanadin auren nan.

Malam Wada ya yi gyaran murya. Ya ce maganar mace ɗaya, mai ɗa a cikin neman, ba za ta yanke hukunci ba. Gobe da safe za a tafi Isa a tambayi matar da kanta. Goggo ba za ta je ba, kuma kada wanda ya kira waya, don kada a sa wa tsohuwa magana a baki. Baffa Talha ya ɗauki alkawari, ya fita yana salati, goron ma nan ya bar shi.

Ba a yi sallar la'asar ba sai ga Illo. Ya jefar da babur ɗinsa a ƙofar gida ko jingine shi bai yi ba. Malam Wada ya dube shi, ya kauce, ya ce a bar su, shi da Halima, su yi magana a zaure.

Suka zauna, kowa a ƙarshen tabarma.

"Ce mani wasa na," in ji Illo.

Ta girgiza kai.

"Inna ba ta taɓa gaya mani ba. Ko sau ɗai. Da gaskiya na ai da ta hwaɗi."

"Ka taɓa ce mata mu mutanen Gatawa na?"

Ya sunkuyar da kai. "Na ce mata ɗiyar wani mai awo Sabon Birni. Na ji tsoron in ambaci wajen can, ba ta son tuna shi."

Sai a lokacin hawayen suka zo mata. "Illo, satin da ya wuce nik karantar da 'yan ajina labarin Shaima'u, ɗiyar Nana Halima. Bayan shekaru anka kawo ta gaban Annabi, tac ce ni 'yar'uwarka ta ta shayarwa. Yas shimhiɗa mata mayahinai taz zamna. Da bakina nic ce ma yara, abin da jini ya haramta nono ma ya haramta shi. Har nis sa sunka maimaita sau ukku."

"Ki daina."

"Ina ta alfahari da sunan ga. Da shi nik kada Baba. Ashe..."

"Nic ce ki daina!" Ya rufe fuska da hannu biyu, yana kuka. Ba ta taɓa ganin kukansa ba, ko ranar da ya ba ta labarin kisan ubansa. "Na rasa uba, na rasa shanu, na rasa garin da anka haihe ni. Nic ce ba komi, Allah ya bar mani ke. Shekara biyu ina wucewa ƙohwar gidan ga ana tohwar da yawu. Yau da anka ce shigo?"

"Wataƙila wata yarinya ta."

"Wata ta," ya ce da sauri. "Wallahi wata ta. Inna ta shayar da 'ya'yan mutane, halinta na. Gobe za ki ji."

Ta gyaɗa kai. Shi bai yarda da abin da ya faɗa ba, ita ma ba ta yarda ba, amma babu wanda ya so ya riga ɗan'uwansa sakin igiyar.

Washegari suka bi motar farko, su uku: Malam Wada a gaba, Illo a tsakiya, Halima a baya cikin mata. Hanyar Isa ba hanyar hira ba ce a shekarun nan. Kowa idonsa na kan daji, bakinsa na motsi. Halima kaɗai ce ba ta dubi daji ba, abin da take tsoro yana gaba.

Sun tarar da Inna a tsakar gidan ƙaninta tana cura fura. Doguwa ce, ta rame, amma da ta yi murmushi wushiryar na nan.

"Lale, lale! Illo, haka aka kawo baƙi ba sanarwa?" Ta shimfiɗa tabarma a rumfa, ta kamo hannun Halima ta zaunar da ita kusa da ita. "Wagga ta takwarar tawa? Kai, ɗan nema, ashe ka iya zaɓe."

Aka gaisa, aka yi jajen zamani. Malam Wada ya ƙi taɓa furar da aka ajiye masa. Bai faɗi garinsu na asali ba, bai ambaci Goggo ba.

"Hajiya, tambaya guda niz zo da ita, kuma don Allah niz zo. Kin taɓa shayar da ɗan da ba naki ba?"

Fuskar tsohuwar ta washe kamar an ambaci wani nata da ya daɗe a tafiya.

"Sau guda," ta ce. "Sau guda tak. Muna Gatawa, Illo bai daɗe da soma tahiya ba. Wata mata ta kawo mani jaririya cikin zane, ba ta hi tahin hannuna biyu ba. Ta yi kuka har ba ta iya kuka. Da nis sa ta ga nono ta kama, wallahi sai da nij ji har cikin bayana. Wanga sarkin kishi shina ta jan zanena shina ihu." Ta yi dariya tana nuna ɗanta, ba ta dube shi ba. "Kwana ukku. Ran na huɗu niz zamna gindin tsamiya ina jira, ba a kawo ta ba. Nono ya cika, nis sha kuka. Ni ban samu ɗiya mace ba, kun gani. Daga baya matar ta aiko mani wai sun sa mata sunana. Ni! Mai tallan nono! Tun ran nan ban taɓa sallama sallah ban sa ta addu'a ba. Ko tana raye cikin wanga tashin hankali, Allah masani."



Inna ta dubi Malam Wada, ta ga kansa a ƙasa. Ta juya ga ɗanta. Dariyar ta tsaya a fuskarta, ta bushe a nan. A hankali ta waiwayo ta kalli yarinyar da ke gefenta, ta kalli hannun da har yanzu take riƙe da shi.

"Ku mutanen ina na?" ta tambaya, murya can ƙasa.

Illo ya rarrafo gabanta. Ya yi mata magana da Fulatanci, ƙasa-ƙasa, da sauri, hawaye na ɗiga kan tabarma. Halima ba ta jin yaren, amma roƙo ba ya bukatar tafinta. Ta ga tsohuwar ta girgiza kai. Ya sake magana, ya kama ƙafarta. Sau ɗaya Halima ta tsinci sunan Is'haƙa a ciki.

Inna ta rufe ido. Da ta buɗe, ba ta dubi kowa ba.

"Malam, na tsuhwa," ta ce. "Tun da anka kashe maigidana kaina ba daidai yake ba. Wataƙila ba Gatawa ba ta, mun sauka wurare da yawa. Jaririn ma... ina jin namiji na. Ban tabbata ba."

Halima ta jira tsawar mahaifinta. Ta san shi, ba a yi masa rainin hankali. Amma Malam Wada ya ɗago ya dube ta, ya ga yadda kwana ɗaya ya zabge ta, sai ya mai da idonsa kan tabarma yana tsinkar zarenta.

"To," ya ce. "In ba ki tabbata ba, ba ki tabbata ba. Saura maganar mace guda. Ni ba ni hana aure bisa shakka."

Halima ta zuba masa ido, baki buɗe. Ubanta ne wannan, mai rantsuwar nan, yake taya ta rufe ido. Mutum uku sun haɗu sun buɗe mata ƙofa, kowannensu don yana sonta. Abin da ya rage mata shi ne ta yi shiru. Ko kalma ba a nema daga gare ta ba, shirun kawai.

Ta dubi Illo. Idanunsa jajur, suna roƙonta. Wallahi ta so shi a lokacin nan fiye da duk shekara biyun da suka wuce, har ta ji kamar ƙirjinta zai tsage.

Sai ta dubi Inna, wadda har yanzu hannunta ke cikin nata. Tsohuwar da ba ta da sauran komai a duniya sai ɗa ɗaya da sallarta, ta miƙa sallar don ɗan.

"Inna," Halima ta kira.

Tsohuwar ba ta juyo ba.

"Inna, dube ni. Jaririn nan da kike sa wa addu'a, ko namiji ko mace. Mi kike roƙa mai?"

"Mai sunan Inna, don Allah," in ji Illo. "Don Allah."

Ba ta dube shi ba, don ta san in ta duba ba za ta iya ba.

Inna ta juyo ta dube ta. "Ina cewa... Allah ka raya ta. Ka ba ta haƙurin sunanta. Ka tsare ta ga haram, wanda ta sani da wanda ba ta sani ba."

"To Allah ya karɓa, Inna," in ji Halima. "Kada ki ɓata da bakinki."

Wani irin kuka ya ƙwace wa tsohuwar, har matan gidan suka fito a guje. Ta rungumo Halima ta danna kanta a ƙirjinta, tana shafa ta, tana faɗa da ƙarfi yadda kowa zai ji.

"Ke ta! Gatawa ta, gonar Malam Faruk! Kwana ukku! Astagfirullah, ɗiyata ta, ni nish shayar da ita!"

Malam Wada ya cire hularsa ya rufe fuska da ita.

Illo ya miƙe. Ya tsaya yana kallon uwarsa da ƙanwarsa rungume da juna, kamar mai son ya ce wani abu. Sai ya juya ya fita, ya miƙi titi cikin ranar nan da ƙafa tsirara, takalmansa na ajiye a bakin tabarma.